Kundin Aikin Bin Salsalar Samuel Lincoln, Daga Hingham ta Ingila Zuwa Hingham ta Amurka

1 ga Oktoba, 2024

Yau na buɗe wannan kundi domin rubuta yadda aikin bin salsalar Samuel Lincoln yake tafiya. Samuel yaron masaƙa ne da ya bar gundumar Norfolk ta Ingila a shekarar 1637 ya haye teku zuwa Massachusetts, kuma daga tsatsonsa ne Abraham Lincoln, shugaban Amurka na 16, ya fito a zuriya ta bakwai. Na zaɓi wannan gida ne saboda zamana a Norwich, babban birnin Norfolk, ya kusantar da ni ga takardun asali da garuruwan da abin ya faru, sannan kuma masana sun daɗe suna aiki a kansa, don haka ina da ma'aunin da zan auna abin da na gano da shi.

Ƙa'idar da na gindaya wa kaina guda ɗaya ce. Ba zan haɗa sunan ɗa da na uba a kan bishiyar zuriyar ba sai da takardar zamaninsu da ta haɗa su, ko rajistar coci, ko wasiyya, ko takardar cinikin fili, ko ta kotu. Abin da wani ya kwafa daga wani zan ajiye shi gefe a matsayin jagora kawai. Burina shi ne kafin ƙarshen shekara in zana bishiyar gaba ɗaya, daga kakan Samuel har zuwa shugaban, tare da bayani cikin Hausa a kan kowane mahaɗi.

3 ga Oktoba

Na sayi littafin rubutu mai kauri, da fensira, da katunan da zan ware wa kowane mutum guda, da babbar takardar zane. Kuɗin duka ya kama fam 14. Na buɗe asusu a shafin binciken salsala na FamilySearch, wanda ba a biyan komai a kansa.

8 ga Oktoba

Na wuni a ma'adanar takardun tarihi ta Norfolk da ke Martineau Lane. Ba a shiga ɗakin karatu da biro, sai fensir, kuma rajistocin coci na da ana duba hotonsu ne domin kada hannu ya lalata na asalin.

Ajiye rajistar baftisma da aure da binne mamata a cocin kowane gari ya samo asali ne daga umarnin Thomas Cromwell na shekarar 1538, daga baya kuma a 1598 aka umarta a riƙa rubuta su a kan fata maimakon takarda. Sai dai ba kowane gari ne ya tsira da tsofaffin littattafansa ba. Rajistar cocin St Andrew ta Hingham daga 1600 ta fara, wanda ke nufin duk abin da ya shafi haihuwar Edward, mahaifin Samuel, da auren iyayensa, dole a neme shi a wasu takardun.

Wahalar yau ita ce rubutun kansa. Magatakardan ƙarni na 17 suna da salon hannu nasu wanda harafi ɗaya yake ɗaukar siffa biyu ko uku dangane da inda ya faɗo a kalma, ga taƙaita kalmomi, ga tawadar da ta dusashe ko ta ratsa daga bayan shafi. Sunan gidan ma ba shi da tsayayyen rubutu, domin kowane magatakarda yana rubuta abin da kunnensa ya ji ne. Sai da na ajiye jadawalin haruffan zamanin a gefena ina gwada su ɗaya bayan ɗaya kafin idona ya fara sabawa. Da yamma na kai ga layin da nake nema: an yi wa Samuel ɗan Edward Lincoln baftisma ranar 24 ga Agusta, 1622. Na kwafe shi yadda yake, na rubuta inda yake a cikin littafin, na buɗe wa Samuel katinsa.

10 ga Oktoba

Atisayen karanta tsohon rubutu kawai, awa biyu da dare.

15 ga Oktoba

Yau na ci karo da matsalar da nake ganin za ta bi aikin nan har ƙarshensa.

A zamanin Sarki Charles na Ɗaya ba a barin mutum ya fita daga Ingila ta teku sai an yi masa tambayoyi a tashar jiragen ruwa an rubuta sunansa da sana'arsa da shekarunsa da inda ya nufa. Rajistar Great Yarmouth ta 1637 tana nan har yanzu a babbar ma'adanar ƙasa da ke Kew, John Camden Hotten ya buga jerin sunayen a 1874, sannan ƙungiyar buga tsofaffin takardun Norfolk ta fitar da kwafinta a 1954. A shigarwar 8 ga Afrilu, 1637 an rubuta Francis Lawes, masaƙi haifaffen Norwich, da matarsa Lydia, da 'yarsu Mary, da barorinsa biyu, wato Samuel Lincoln mai shekara 18 da Anne Smith mai shekara 19, dukansu za su New England, yankin arewa maso gabashin Amurka da Massachusetts take ciki, da niyyar zama.

Yaron da aka yi wa baftisma a Agustan 1622 bai cika shekara 15 ba a Afrilun 1637. Tazarar ta kai shekara uku zuwa huɗu, kuma ba takarda ɗaya ce ta kawo ta ba, domin bayanan garin Hingham ta Massachusetts sun ce Samuel ya rasu ranar 26 ga Mayu, 1690 yana da shekara 71, wanda shi ma yake mayar da haihuwarsa wajen 1619. Ke nan shaidu biyu, ɗaya daga farkon rayuwarsa ɗaya daga ƙarshenta, sun yi daidai da juna, sun kuma saɓa wa rajistar coci.

Hanyoyi uku ake bi wajen warware wannan. Ta farko ita ce an jinkirta baftismar har yaron ya yi wayo. Wannan ba ta gamsar da ni ba, saboda littafin ibadar Cocin Ingila ya umarci iyaye kada su wuce Lahadin farko ko ranar idi ta farko bayan haihuwa, kuma al'adar mutanen lokacin ta tafi a kan haka. Ta biyu ita ce an ƙara wa yaron shekaru a tashar jirgi domin a sauƙaƙa fitarsa, abin da zai iya yiwuwa, amma bai bayyana dalilin da zai sa ƙarin ya bi shi har kabari bayan shekara 53 ba, sai dai in shi kansa ya riƙe wannan lissafin a matsayin shekarunsa. Ta uku ita ce akwai wani Samuel Lincoln dabam a Norfolk wanda aka haifa wajen 1619, domin sunan Lincoln ya yawaita a yankin.

Abin da yake riƙe da Samuel na Hingham shi ne shaidar Daniel Cushing, magatakardan garin Hingham ta Massachusetts, wanda shi ma daga tsohuwar Hingham ya fito. A jerin da ya rubuta na waɗanda suka zo daga can, ya sa Samuel Lincoln a 1637, ya ce ya ɗan zauna a Salem kafin ya tare a sabon garin. Cushing ya san mutanen ido da ido, don haka maganarsa tana da nauyi. Amma ta tabbatar da gari ne, ba ta ambaci uba ba. Na rubuta duk wannan a bayan katin Samuel.

Wani ƙaramin abu kuma: kusan ko'ina ana cewa a jirgin John and Dorothy na Ipswich ya tafi, alhali rajistar ta haɗa fasinjojin wannan jirgi da na Rose na Yarmouth a jeri guda, kyaftin ɗin jiragen biyu uba ne da ɗansa, kowanne sunansa William Andrews. A kan kati na rubuta sunayen jiragen biyu.

19 ga Oktoba

Na biya fam 20 na wata ɗaya a wani shafin binciken salsala domin in ga bishiyoyin da jama'a suka ɗora, kuma mafi yawan abin da na samu ɓata lokaci ne. Ɗaruruwan bishiyoyi suna maimaita kuskure iri ɗaya kalma da kalma, alamar cewa daga tushe guda aka kwafo su. Wasu sun rubuta 1619 a matsayin shekarar haihuwa tare da ranar baftismar 1622 ba tare da sun ga akwai abin tambaya ba. Wasu sun ja salsalar baya har ƙarni na 13 ba tare da takarda ko ɗaya ba.

Babban ruɗanin yana kan sunan Thomas. A farkon kafa Hingham ta Massachusetts akwai mutum huɗu masu suna Thomas Lincoln, har mutanen garin suka riƙa bambanta su da sana'a: masaƙi, da mai haɗa ganga, da mai injin niƙa, da manomi. Masaƙin ne ɗan'uwan Samuel. Ya riga shi zuwa, a 1633, tare da danginsa Nicholas Jacob, kuma da ya rasu a 1675 ba tare da ɗa ba, wasiyyarsa ta ambaci Samuel a matsayin ɗan'uwansa ta kuma bar wa 'ya'yansa dukiya. Janar Benjamin Lincoln na yaƙin neman 'yancin Amurka kuwa daga mai haɗa ganga ya fito. Na ga bishiyoyi da dama da suka narkar da mutanen huɗu suka zama mutum ɗaya mai mata da yawa da 'ya'ya sama da ashirin, suka kuma mayar da janar ɗin kawun shugaban ƙasa.

Na ɗauki dare biyu ina ware wa kowane Thomas katinsa da launi dabam. Ba zan sabunta biyan kuɗin shafin ba idan watan ya ƙare. Littattafan aikin nazarin Babbar Ƙaura, wato ƙaurar mutanen Ingila zuwa New England, da Robert Charles Anderson ya jagoranta a ƙarƙashin ƙungiyar salsala ta New England da ke Boston su ne suka cancanci lokacina, domin suna nuna takardar da kowace magana ta dogara a kanta.

26 ga Oktoba

Na je Hingham a bas, fam 2 zuwa fam 2 dawowa, tafiyar kimanin mil 14 yamma da Norwich. Ƙaramin gari ne mai kasuwa a tsakiya, amma cocin St Andrew, ginin ƙarni na 14, ya fi ƙarfin girman garin, hasumiyarsa ta kai kusan ƙafa 120. A cikinsa akwai mutum-mutumin kan Abraham Lincoln da jakadan Amurka John W. Davis ya ƙaddamar a 1919, da rubutun da ke cewa a wannan gari kakanninsa suka zauna zuriya bayan zuriya.

Zuwa wurin ya sa na fahimci cewa ƙaurar Samuel ba ta yaro ɗaya ba ce, jama'a da yawa na garin ne suka tashi. Tun da William Laud ya zama babban limamin Canterbury a 1633 aka matsa wa masu ra'ayin tsarkake coci lamba, kuma a Norwich bishop Matthew Wren, wanda ya riƙe yankin daga 1635 zuwa 1638, ya tsananta fiye da kowa. Limamin Hingham, Robert Peck, ya ƙi bin umarnin da aka bayar game da tsarin ibada, aka dakatar da shi, a 1638 ya shiga jirgin Diligent tare da mutane fiye da ɗari, yawancinsu daga garin da kewayensa. Kafin su, Peter Hobart, shi ma ɗan garin, ya isa wani wuri da ake kira Bare Cove a 1635, a shekarar aka sauya wa wurin suna zuwa Hingham. Daga 1620 zuwa 1640 kimanin mutum dubu ashirin ne suka bar Ingila zuwa New England, kuma gabashin Ingila ya ba da kaso mai tsoka. Ga kuma kasuwar saƙa ta Norwich da ta yi sanyi a shekarun. Yaron da maigidansa ya yanke shawarar tafiya, wanda yayansa ya riga shi can, ba ya bukatar wani dogon dalili na kansa.

Peck dai ya dawo Ingila a 1641 da al'amura suka juya, ya koma kan aikinsa a wannan coci. Samuel bai taɓa dawowa ba.

30 ga Oktoba

Ban taɓa aikin ba saboda jarrabawa. Na dai jera katunan bisa shekaru.

5 ga Nuwamba

Na koma ma'adanar takardu domin wasiyyar Richard Lincoln na Swanton Morley, wanda ake ɗauka a matsayin kakan Samuel. Karanta wasiyya ya fi karanta rajista wuya nesa ba kusa ba, saboda jimloli ne dogaye marasa aya, kuma kalmomin shari'ar filaye na zamanin sai an nemi ma'anarsu ɗaya bayan ɗaya. Na kwafi abin da na iya, na gwada shi da kwafin da J. Henry Lea da J. R. Hutchinson suka buga a 1909 a binciken da suka yi kan asalin shugaban.

Richard ya yi aure sau huɗu. Matarsa ta farko, Elizabeth Remching, ita ce mahaifiyar Edward, ɗan fari. Ta huɗun, Anne, ta haifa masa ɗa Henry da 'ya'ya mata biyu, Anne da Elizabeth. Wasiyyar da ya rubuta a Janairun 1616 ta raba abin da ya mallaka tsakanin Anne da 'ya'yanta, ta nemi a binne shi a cocin Hingham, ba ta kuma ambaci Edward ko sau ɗaya ba. Wanda ya karanta wasiyyar ita kaɗai ba zai san Richard yana da wani ɗa mai suna Edward ba.

Abin da ya tona shi shari'a ce. Richard ya rasu a 1620, a 1621 kuma aka shigar da ƙara a kotun Chancery da sunan 'yan matan biyu a kan Edward, game da wani ɗan fili na ekoki kaɗan da ya riƙe yana cewa gadonsa ne. A amsar da ya bayar ya bayyana kansa a matsayin babban ɗan Richard, ya kuma yi zargin cewa matar ƙarshe ce ta matsa wa tsohon har ya hana shi gado. Ke nan takardar da ta haɗa Edward da mahaifinsa ta wanzu ne kawai saboda rikicin 'yan uba ya kai gaban alƙali. Da an sasanta a cikin gida, da salsalar ta tsaya a kan Edward.

Ga wanda ya tashi a inda wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya kuma ba a yin ta ga magaji, abin yana da nauyi a zuciya, a ce uba ya share ɗansa na fari da alƙalami doka kuma ta ba shi dama. Edward ya ƙare rayuwarsa a Hingham cikin ƙaramin hali, 'ya'yansa maza uku, Thomas da Daniel da Samuel, suka ƙetare teku. Marubuta da yawa suna cewa wasiyyar ce ta kai zuriyar Amurka. Ina ganin a nan an zarce, tunda masu hali irin su limamin garin ma sun tafi, amma ba shakka gidan da ba shi da gonar da zai riƙe 'ya'yansa ya fi saurin sakin su.

Dole in rubuta a nan cewa duk wannan labari na Richard da Edward yana rataye ne a kan cewa Samuel na jirgin 1637 shi ne Samuel na baftismar 1622. Idan wannan mahaɗi ya tsinke, labarin na wani gida ne.

9 ga Nuwamba

Swanton Morley ta hanyar Dereham, kuɗin bas fam 4. Na ga cocin All Saints da ginin da yanzu ake kira Angel, wanda ake dangantawa da gidan da Richard ya gina wajen 1610. Ruwan sama ya hana ni daɗewa.

14 ga Nuwamba

Kwanakin da ke kan katunana sun ƙi jituwa, kuma sai da na warware su kafin in ci gaba. Wasu littattafai sun ce an binne Edward ranar 11 ga Fabrairu, 1639, wasu sun ce 1640. Wasiyyar Richard ma wasu sun sa ta a 1615, wasu a 1616. Dalilin shi ne har zuwa 1752 sabuwar shekara a Ingila da yankunan da take mulka tana farawa ne ranar 25 ga Maris, don haka duk abin da ya faru tsakanin 1 ga Janairu da 24 ga Maris magatakarda yana rubuta shi da lambar shekarar da mu a yau muke ɗauka ta riga ta wuce. Marubutan baya wasu sun gyara, wasu sun bari yadda yake, kaɗan ne suka faɗi wanda suka yi. A shekarar 1752 ɗin ne kuma aka tsallake kwana 11 a watan Satumba, aka tashi daga 2 ga wata zuwa 14.

Na bi katunan duka na sake rubuta kowane kwanan wata da ya faɗa cikin waɗannan watanni da lambobi biyu, kamar 1639/40. Na duba ko wannan zai rage tazarar shekarun Samuel, amma Agusta da Afrilu da Mayu duk suna wajen watannin da abin ya shafa. Tazarar tana nan yadda take.

20 ga Nuwamba

Na koma ɓangaren Amurka, inda aikin ya fi sauri saboda an buga yawancin takardun. Samuel ya auri Martha wajen 1649, suka haifi 'ya'ya 11, kuma yana raye aka gina cocin Old Ship a 1681, wanda har yau yake tsaye a Hingham. Ɗansa Mordecai, haihuwar 1657, maƙeri ne da ya zauna a Hull sannan a Scituate, ya kafa maƙera da injin niƙa. Ya auri Sarah, 'yar Abraham Jones na Hull, kuma ta wannan aure ne sunan Abraham ya shigo gidan. Ya rasu a 1727, wasiyyarsa ta ambaci 'ya'yansa Mordecai da Abraham.

Mordecai na biyu, haihuwar 1686, shi ne ya fitar da reshen daga New England. Ya sauka a gundumar Monmouth ta New Jersey ya auri Hannah Salter, daga nan ya wuce Pennsylvania ya shiga harkar narkar da ƙarfe, ya gina gida a 1733 a yankin da daga baya ya zama gundumar Berks. Ya rasu a 1736. Wasiyyarsa ta bar wa ɗansa John fili eka 300 a New Jersey, kuma wannan fili shi ne zaren da ya ɗaure John na Pennsylvania da gidan da ya taso daga gabas. Mahaɗan nan uku na ja su da tawada.

23 ga Nuwamba

John, haihuwar 1716, ya ƙaura zuwa kwarin Shenandoah na Virginia a 1768 ya sayi eka 600 a Linville Creek. Ɗansa Abraham, haihuwar 1744, kyaftin ne a rundunar sa-kai, ya sayar da gonarsa ya kwashe iyali zuwa Kentucky a farkon shekarun 1780. A Mayun 1786 wani ɗan asalin ƙasar ya harbe shi yana aiki a gonarsa a gundumar Jefferson, a gaban 'ya'yansa maza uku, a lokacin da ake ta artabu kan filayen da baƙi fararen fata suke mamayewa. Bai bar wasiyya ba, dokar Virginia ta lokacin kuma ta ba babban ɗa, Mordecai, filayen. Ƙaramin, Thomas, haihuwar 1778, ya tashi yana ƙwadago da aikin kafinta. Sau biyu ke nan a wannan salsala rabon gado ya bar wanda reshen ya bi ta kansa hannu wofi, a Norfolk ɗan fari, a Kentucky ɗan auta. Thomas ya auri Nancy Hanks ranar 12 ga Yuni, 1806, aka haifi Abraham ranar 12 ga Fabrairu, 1809.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shugaban kansa bai san wannan salsala ba. A 1848, yana ɗan majalisa, Solomon Lincoln na Hingham ya nemi bayanin asalinsa, bai iya wuce kakansa da labarin Pennsylvania ba. A taƙaitaccen tarihin kansa da ya aika wa abokinsa Jesse Fell a Disambar 1859 ya ce kakanninsa 'yan ɗariƙar Kirista ta Quaker ne daga gundumar Berks, kuma ƙoƙarin haɗa su da gidan Lincoln na New England bai haifar da komai ba illa kamannin sunaye irin su Enoch da Levi da Mordecai da Solomon da Abraham. Ya ƙi karɓar dangantakar da ba shi da hujjarta, alhali gaskiya ce, kuma Levi Lincoln da ya yi gwamnan Massachusetts da Enoch Lincoln da ya yi gwamnan Maine danginsa ne ta wajen Samuel. Mutuwar kakan tun 'ya'yansa suna ƙanana ita ta yanke labarin gida, ƙaura huɗu a cikin zuriya huɗu ta ƙarasa sauran.

28 ga Nuwamba

Na rubuta bayanin Hausa na mutum huɗu na farko. Na soke biyan kuɗin shafin.

3 ga Disamba

Na zana bishiyar a kan babbar takarda. Daga Samuel zuwa Mordecai, zuwa Mordecai na biyu, zuwa John, zuwa kyaftin Abraham, zuwa Thomas, zuwa shugaban, duk layukan da tawada ne, kowanne da lambar katin da hujjarsa take. Daga Richard zuwa Edward ma da tawada, saboda shari'ar 1621. Layin da ke tsakanin Edward da Samuel kuwa na ja shi da fensir, na rubuta 1619 da 1622 a gefensa. Ina kyautata zaton mahaɗin daidai ne, domin shaidar Cushing da wasiyyar Thomas masaƙi da zaman dangin a gari ɗaya duk sun karkata can, amma ƙa'idar da na fara da ita ba ta ba ni damar sa masa tawada ba tukuna.

Abin da na kashe zuwa yau: kayan rubutu fam 14, shafin bincike fam 20, bas fam 8 na tafiye-tafiyen wajen gari, kwafi da buga hotuna fam 17. Jimla fam 59.

Mataki na gaba kashi uku ne. Zan bi rajistocin Swanton Morley da ƙauyen Carbrooke da ke kusa da Hingham da cocin unguwannin masaƙa na Norwich daga 1617 zuwa 1621 ina neman kowane Samuel Lincoln, tare da kwafin da ake aika wa hukumomin coci duk shekara, ko za su cike gurbin shafukan da suka lalace. Zan duba littattafan rajistar masu koyon sana'a na birnin Norwich ko sunan Francis Lawes ya fito da yaronsa, domin dokar 1563 ta sa koyon sana'a shekara bakwai ne, kuma yarjejeniyar koyo takan ambaci sunan uban yaro da garinsu. Sannan a Janairu zan je Kew in nemi katin mai karatu in ga rajistar Yarmouth da idona, in tabbatar lambar da magatakarda ya rubuta a gaban sunan Samuel 18 ce kamar yadda aka buga, in kuma karanta amsar Edward a takardun Chancery. Na ware fam 60 domin jirgin ƙasa da kwafi, zan sayi tikitin tun yanzu saboda ya fi araha.